Matuƙin Jirgin Sama da Sauyin Jirgi

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya ya san akwai bambanci tsakanin direban tasi da direban tirela. Mutumin da ya yi shekara 20 yana jan ƙaramar mota tsakanin Kaduna da Zariya ba a miƙa masa tankar mai rana ɗaya a ce ya kai ta Fatakwal, ko da kuwa bai taɓa buge ko akuya ba. Hanya ya san ta, dokokinta ma ya san su, amma nauyin motar da tsawonta da yadda birkinta yake kamawa duk baƙi ne a gare shi. Shi ya sa aka kasa lasin tuƙi aji-aji.

Al'amarin jirgin sama ya fi na mota tsanani nesa ba kusa ba. Direban da mota ta rikice masa yana iya ratsewa gefen hanya ya tsaya, ya aika a kira makanike. Matuƙin jirgi kuwa ba shi da gefen hanya. Duk abin da ya taso masa a sama, can zai warware shi da ilmin da ya hau da shi, wani lokaci cikin 'yan daƙiƙoƙi, alhali mutum ɗari ko fiye suna zaune a bayansa.

Jama'a da yawa suna tsammanin wanda aka ba lasin tuƙin jirgin sama ya gama karatu ke nan, kowane jirgi aka kawo sai ya hau ya tashi da shi. Ba haka abin yake ba. Kyaftin ɗin da ya daɗe yana tuƙa wani irin jirgi, ran da kamfaninsa ya mai da shi wani iri dabam, doka tana mai da shi ɗalibi. An shirya wannan ɗan littafi domin a bayyana wa jama'a dalilin haka, da matakan da matuƙi yake bi kafin a damƙa masa sabon jirgi, da kuma abin da ake bukata gare shi don kada iznin da ya samu ya mutu a hannunsa.

Lasin da Shaidar Samfuri

A shekarar 1944 ƙasashe suka taru a birnin Shikago na Amurka suka sa hannu a kan wata yarjejeniya, wadda ta haifar da Ƙungiyar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, watau ICAO, mai hedkwata a Montreal ta ƙasar Kanada. Nijeriya ta shiga ƙungiyar a 1960, shekarar samun mulkin kai. Ƙungiyar ce take tsara mafi ƙarancin sharuɗɗan da matuƙi zai cika, kowace ƙasa kuma ta zuba su cikin dokokinta, ta sa hukumar da za ta tabbatar ana bin su. A Nijeriya wannan aiki yana hannun Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa, watau NCAA, wadda aka kafa da doka a 1999, ta kama aiki a farkon shekarar 2000.

Lasin matuƙi hawa-hawa ne. Mai son ya yi tuƙi a biya shi sai ya cika shekara 18, ya kuma tara awa 200 a sama, ko awa 150 idan a makarantar da hukuma ta amince da tsarinta ya yi kwas, kamar Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964. Babban lasin kuwa, wanda sai da shi ake zama kyaftin a manyan jiragen fasinja, yana bukatar shekara 21 da awa 1,500.

Amma ko babban lasin bai isa shi kaɗai ba. Duk jirgin da aka ƙera shi a kan sai matuƙa biyu za su tuƙa shi, wanda ya haɗa da kusan dukkan jiragen fasinja, sai an rubuta sunan samfurinsa cikin lasin mutum kafin ya yi aiki da shi. Wannan rubutu shi ne shaidar samfuri. Wanda lasinsa yake ɗauke da Boeing 737 ba shi da iznin ɗaukar fasinja da Airbus A320, ko da yake jiragen biyu girmansu kusan ɗaya ne, hanya ɗaya kuma suke bi daga Kano zuwa Legas.

Tarihin tsohon kamfanin jiragen sama na ƙasa, Nigeria Airways, wanda ya daina aiki a 2003, ya isa misali. Kamfanin ya yi aiki da Fokker F27 mai farfela, da Fokker F28, da Boeing 737 da 707, da DC-10, da Airbus A310. Matuƙin da ya taso daga ƙarami har ya kai babba, kowane hawa sai da ya koma aji. A cikin 707 da DC-10 mutum uku ne suke zama a ɗakin tuƙi, na ukun injiniya ne mai lura da mai da lantarki da lafiyar injuna. A cikin A310 kuwa babu kujerar injiniya, aikinsa ya koma kan na'urori da matuƙa biyu.

Inda Jirage Suka Bambanta

Bambanci na farko shi ne nauyi. Jirgin ATR 72 mai farfela, idan ya cika maƙil, nauyinsa wajen tan 23 ne. Boeing 737-800 yana kai tan 79, Boeing 747-400 kuwa, irin wanda aka daɗe ana jigilar alhazai da shi, ya kusa tan 400. Jirgi mai nauyi ba ya saurin amsa umarni, ba ya kuma saurin tsayawa. Har ila yau matuƙin 747 yana zaune ne sama da mita 8 daga ƙasa, watau kamar mai leƙowa daga hawa na uku na bene. Wanda idonsa ya saba da ƙaramin jirgi, idan ya bi abin da idon yake gaya masa wajen sauka, tayoyin babban jirgi za su daki ƙasa tun yana tsammanin da saura.

Na biyu shi ne yadda ake sarrafa jirgin. Jiragen Boeing suna da sitiyari a gaban kowane matuƙi, an haɗa su biyun, idan ɗaya ya motsa nasa na ɗayan ma ya motsa. Tun daga A320 da ya fara aiki a 1988, jiragen Airbus suna da 'yar sanda ce a gefe, wadda take aika saƙo ga kwamfuta, kuma sandar kyaftin ba ta motsa ta mataimakinsa. Haka nan totur, watau hannun da ake ƙara wa inji wuta da shi. A Boeing, idan na'ura ce take daidaita wutar da kanta, hannun yana motsi matuƙi yana gani. A Airbus hannun yana nan tsaye wuri ɗaya, sai dai a duba allo a san abin da inji yake ciki.

Na uku shi ne agogunan da ke gaban matuƙi. Cikin duhu ko gajimare mutum ba ya iya sanin ko jirgi ya karkata sai da agogon da ke nuna karkata. A jiragen da aka ƙera a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, hoton ɗan jirgin da ke cikin agogon shi ne yake karkacewa, layin ƙasa yana tsaye. A jiragen Turai da Amurka kuwa layin ƙasa ne yake juyawa, ɗan jirgin yana tsaye. A ranar 14 ga Satumba 2008 wani Boeing 737 ya faɗi da dare a birnin Perm na Rasha, mutum 88 suka mutu. Masu bincike sun lissafa laifuffuka da dama, cikinsu har da cewa matuƙan sun taso ne a kan agogo irin na Sobiyet, kuma ba a ba su isasshen horo a kan sabon ba.

Wannan shi ne tushen maganar duka. Hausawa sun ce sabo turken wawa. A lokacin kwanciyar hankali matuƙi yana tuna abin da aka koya masa makon jiya. Amma idan ƙararrawa ta ɗauka, jirgi yana jijjiga, hannu yakan koma ga abin da ya shekara goma yana yi. Saboda haka yawan awoyi a tsohon jirgi, wanda shi ne abin alfaharin matuƙi, yana iya zama tarko gare shi a watanninsa na farko cikin sabo. Aikin horo shi ne ya dasa sabon sabo ya danne tsohon.

Matakan Samun Sabuwar Shaida

Mataki na farko karatu ne a aji, wanda yakan ɗauki makonni. Ana koyon yadda mai yake gudana daga tanki zuwa inji, da hanyoyin lantarki, da birki, da na'urorin kashe gobara, da iyakar gudu da nauyin da jirgin zai iya ɗauka. Akwai kuma wasu matakan gaggawa da tilas a haddace su, domin ran da aka bukace su babu lokacin buɗe littafi. A ƙarshe a zauna jarrabawar rubutu.

Mataki na biyu shi ne na'urar kwaikwayon jirgi, wadda matuƙa suke kira simuleta. Ɗaki ne da aka ƙera daidai da ɗakin tuƙin samfurin da ake koyo, aka ɗora shi a kan ƙafafun ƙarfe 6 masu miƙewa da komawa, tagoginsa kuwa majigi ne mai nuna fili da gari da gajimare. Malami yana zaune a baya yana jefo fitinu ɗaya bayan ɗaya: inji ya mutu ana tsakiyar tashi, gobara ta kama, iskar cikin jirgi ta zurare ana can sama, ko hazo irin na hunturu ya rufe fili har ba a ganin titin sauka. Abin da ba za a taɓa gwadawa da jirgin gaske ba, a nan ake maimaita shi har hannu ya faɗa, gama ba a fafe gora ranar tafiya. A ƙa'idar Turai kwas ɗin ba ya kasa awa 32 a na'urorin kwaikwayo. Na'urar tana da tsada ƙwarai, shi ya sa kamfanonin Nijeriya suka daɗe suna aika matuƙansu ƙasashen waje su yi wannan horo da kuɗin musaya.

Mataki na uku jarrabawa ce a cikin na'urar, a gaban mai jarrabawa wanda hukuma ta ba izni. Wanda ya faɗi sai a ƙara masa horo ya sake.

Mataki na huɗu shi ne tashi da sauka da jirgin gaske babu fasinja a ciki. A Turai sauka 6 ake bukata, ko 4 ga wanda ya riga ya goge a jirgi mai kama da shi. An yarda a ɗauke wa gogaggun matuƙa wannan mataki idan sun yi shi a na'urar kwaikwayo mai daraja ta ƙoli. Bayan wannan ne ake rubuta samfurin cikin lasin.

Mataki na biyar shi ne aiki a ƙarƙashin kulawa. Matuƙin zai riƙa ɗaukar fasinja, amma da kyaftin mai koyarwa a kujerar kusa da shi, har sai ya cika adadin tafiye-tafiyen da aka yanka, sa'an nan a yi masa jarrabawar kan hanya a sake shi. Ko bayan haka ana lissafa shi sabon hannu. A Amurka doka ta ce ya tara awa 100 a sabon jirgin cikin kwana 120 don ilmin ya zauna, kuma ba a haɗa matuƙa biyu a jirgi ɗaya sai ɗayansu yana da aƙalla awa 75 a samfurin.

Haɗarin da ya auku a San Faransisko ta Amurka ranar 6 ga Yuli 2013 ya nuna nauyin wannan mataki. Jirgin kamfanin Asiana na Koriya ta Kudu ne, samfurin Boeing 777, da mutum 307 a ciki. Wanda yake tuƙi kyaftin ne mai kusan awa 10,000, amma daga Airbus A320 ya taso, bai cika awa 50 a sabon jirgin ba. Malamin da ke kusa da shi kuwa tafiyarsa ta farko ke nan a matsayin mai koyarwa. Wajen sauka matuƙin ya kashe na'urar tuƙi, ya ja totur baya, yana zaton na'urar wuta za ta ci gaba da tsare masa gudu. A yanayin da ya sa ta, ba ta yin haka. Gudu ya yi ta raguwa ba a lura ba, har jirgin ya daki katangar bakin teku da ke gaban titin sauka. Mutum 3 suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifi a kan matuƙan, suka kuma ce littattafan jirgin da horon kamfanin ba su bayyana halin na'urar yadda ya kamata ba.

Jiragen da Suke Dangi

Ba kowane sauyi ne yake bukatar cikakken kwas ba. Masu ƙera jirage sukan yi su dangi-dangi. Shaida ɗaya ce take rufe Airbus A318 da A319 da A320 da A321, haka kuma Boeing 757 da 767. Mai sauyawa a cikin dangi horon bambance-bambance kawai ake yi masa, wanda aka kasa daraja 5, daga karanta takarda shi kaɗai har zuwa shiga na'urar kwaikwayo. Wannan yana rage wa kamfani kuɗi da lokaci. Sai dai idan aka raina bambancin, abin da zai biyo baya ba ƙarami ba ne.

A daren 8 ga Janairu 1989 jirgin kamfanin British Midland ya tashi daga Landan zuwa Belfast da mutum 126. Boeing 737-400 ne, sabo fil. Yana cikin hawa sai wani ƙarfe ya karye a injin hagu, jirgi ya kama jijjiga, warin hayaƙi ya shigo. Kyaftin ɗin yana da fiye da awa 13,000, amma 23 kaɗai ya yi a wannan samfuri, mataimakinsa kuwa 53. A sanin kyaftin, iskar da ake hura wa fasinja daga injin dama take zuwa, saboda haka ya ɗauka can ne matsalar take, alhali a sabon jirgin injuna biyun ne suke ba da ita. Agogon da ke nuna jijjigar inji yana nuna hagu sarai, amma ƙarami ne, fasalinsa sabo ne, kuma kyaftin ya saba da jiragen da irin wannan agogo ba abin dogara ba ne a cikinsu. Suka kashe injin dama mai lafiya. Da suka zo sauka a filin East Midlands suka ƙara wa na hagu wuta, sai ya mutu gaba ɗaya. Jirgin ya faɗi a bakin babbar hanyar mota kusa da ƙauyen Kegworth, mutum 47 suka rasa rayukansu. Bincike ya nuna horon da aka yi musu kan sabon samfurin ɗan gajere ne, kuma ba su taɓa gwada sababbin agogunan a na'urar kwaikwayo ba.

Shekara 30 bayan haka aka sake ganin irin wannan da Boeing 737 MAX. An sa masa manyan injuna, aka kuma ƙara wata na'ura mai suna MCAS wadda take dunƙufar da hancin jirgi da kanta a wani yanayi, tana dogara da ma'auni guda ɗaya tak. Ba a bayyana ta a littafin matuƙa ba, kuma horon da aka yanka wa masu tasowa daga tsohon 737 ɗan karatu ne a kwamfuta, babu na'urar kwaikwayo. A ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin kamfanin Lion Air ya faɗa teku bayan tashi daga Jakarta ta Indonesiya, mutum 189 suka mutu. A ranar 10 ga Maris 2019 na kamfanin Habasha ya faɗi minti 6 da tashi daga Adis Ababa, da mutum 157, cikinsu har da Farfesa Pius Adesanmi, marubuci ɗan asalin Nijeriya. Aka hana samfurin tashi a duniya baki ɗaya. Amurka ba ta sake shi ba sai a Nuwamba 2020, bayan an gyara na'urar, an kuma wajabta wa kowane matuƙinsa horo a na'urar kwaikwayo.

Shaida Ba Ta Dawwama

Samun shaida abu ne guda, riƙe ta da rai abu ne dabam. Ƙwarewar hannu tana dusashewa idan an bar ta, kamar wuƙar da aka ajiye ba wasawa. Saboda haka aka kafa sharuɗɗa masu wa'adi, waɗanda idan ɗaya ya faɗi matuƙi ba zai yi aiki ba.

Na farko, ƙa'idar ICAO ta ce kada kamfani ya sa matuƙi ya tashi da jirgi ko ya sauke shi sai ya yi tashi 3 da sauka 3 da hannunsa cikin kwana 90 da suka wuce, a wannan samfuri ko a na'urar kwaikwayonsa da aka amince da ita. Wannan sharaɗi yakan kama wanda ya koma babban jirgi. Mai zirga-zirga tsakanin Abuja da Kano da Legas yana iya sauka sau da yawa a yini ɗaya. Mai doguwar tafiya kuwa 'yan tafiye-tafiye yake yi a wata, kuma sau da yawa matuƙa uku ko huɗu ne suke rabon sauka ɗaya. Haka nan jirgin da ba ya aiki sosai sai lokacin jigilar alhazai, lalle ne a duba ranakun matuƙansa tun kafin a fara kiran maniyyata sansani.

Na biyu, jarrabawar ƙwarewa sau 2 a kowace shekara, galibi a na'urar kwaikwayo, inda ake sake gwada shi a kan mutuwar inji da sauka cikin rashin gani. Ba a yarda a cusa su biyun cikin wata 4 a ce an sauke nauyin shekara ba. Ƙasashe da yawa sun ƙara da jarrabawar kan hanya sau ɗaya a shekara.

Na uku, takardar likita, wadda take aiki wata 12. Idan matuƙi ya wuce shekara 60 sai ta koma wata 6, kuma da ya cika 65 ya gama tuƙa jiragen fasinja tsakanin ƙasashe.

Na huɗu, sanin hanya da fili. Wuraren da suke da wuyar sha'ani, kamar filin da duwatsu suka kewaye, kyaftin ba ya zuwa sai ya taɓa bin hanyar cikin wata 12, ko an sake yi masa horo a kanta.

Na biyar, Turancin aiki, domin da shi ake magana da masu ba da hanya a ƙasashen duniya. Wanda ya tsaya a daraja ta 4, watau mafi ƙarancin da aka yarda da ita, ICAO ta ba da shawarar a sake jarraba shi bayan kowace shekara 3.

Makomar Tsohuwar Shaida

Wanda ya koma sabon jirgi, jarrabawar da yake ci a kansa ba ta raya masa shaidar tsohon. A Turai shaidar samfuri shekara ɗaya take yi, idan ba a sabunta ta ba ta mutu, kuma horon da za a bukata kafin a farfaɗo da ita yana ƙaruwa gwargwadon daɗewarta a mace. A Amurka sunan samfurin yana nan cikin lasin har abada, amma ba a aiki da shi sai da sabuwar jarrabawa. Hanya biyu ce, masauki ɗaya. Idan kuwa kamfani yana so matuƙi ya riƙa tuƙa samfuri biyu a lokaci guda, hukumar ƙasa ce take yanke irin sharuɗɗan da za a haɗa da waɗanda tilas a cika wa kowane jirgi dabam.

Shekarar 2020 ta gwada wannan tsari gwaji mai tsanani. Saboda annobar korona Nijeriya ta rufe filayenta ga jiragen ƙasashen waje a watan Maris, jiragen cikin gida ma suka tsaya. Ba a koma zirga-zirgar cikin gida ba sai a Yuli, ta waje kuwa sai a Satumba. Kwana 90 suka wuce matuƙa suna gida, ga kuma iyakoki a rufe babu halin zuwa na'urorin kwaikwayo na waje. Hukumomin ƙasashe suka yi sassauci na ɗan lokaci bisa sharuɗɗa, sa'an nan da hanya ta buɗe aka koma kan ƙa'ida.

Nauyin da Ke Kan Kowa

A kan matuƙi akwai nauyin rubuta gaskiya a littafin da yake lissafa awoyinsa da saukarsa, da sanin ranar da kowace takarda tasa za ta ƙare. Ƙarin awa ɗaya ta ƙarya laifi ne da yake iya jawo ƙwace lasin. A kan kamfani akwai nauyin biyan kuɗin horo a kan kari, da ajiye cikakken bayanin kowane ma'aikaci, da ƙin sa wanda wa'adinsa ya cika a jerin masu aiki ko da kuwa babu wani a kusa. A kan hukuma akwai nauyin amincewa da makarantu da na'urori da masu jarrabawa, da binciken takardu ba tare da sanarwa ba, da tantance lasin baƙon matuƙi kafin ya tuƙa jirgi mai rajistar Nijeriya.

Matasa masu sha'awar wannan aiki da iyayensu su sani lasin da ake fitowa da shi daga makaranta mafari ne. Shaidar samfuri tana da nata kuɗi, kuma kamfanin da ya biya wa mutum yakan ɗaure shi da yarjejeniyar yi masa aiki na wasu shekaru. Kyautuwa ya yi a karanta irin wannan takarda da kyau kafin a sa hannu. Wanda ya shiga aikin kuma ya shirya zama a gaban mai jarrabawa sau biyu kowace shekara har ranar da zai yi ritaya.

Fasinjoji kuwa, wani lokaci akan jinkirta tashi a ce ana jiran wani matuƙi, alhali ga jirgi a tsaye, ga kuma waɗansu matuƙa da kayan aiki suna kai da kawowa a fili. Mai yiwuwa ne waɗanda ake gani ba su da shaidar wannan samfuri, ko kuwa wata takardar wanda aka shirya ta ƙare. Fasinja yana da hakkin a gaya masa dalilin jinkiri, yana kuma iya kai ƙara ofishin kare hakkin fasinja na NCAA idan an wulakanta shi. Amma kada jama'a su matsa wa ma'aikata lamba a tashi ko ta halin ƙaƙa. Jinkirin awa biyu a ɗakin jira ya fi a ba da jirgi ga wanda hannunsa bai faɗa a kansa ba.